Tashar nesa bata kamuwa da rana

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Nine Garba Eriya na Hayin Banki, rediyona har Sudan yake kamowa a matsakaicin zango, kaf Kaduna babu na biyuna.

Ranar Asabar na hau mangwaro zan daura doguwar wayar eriya, sai wani yayi ihu, "Barawon wayar wuta!" Yan sintiri suka jawoni kasa da gora. Na zubar da biyu wallahi, sauran suka fasamin kai, hakori daya ya tafi.

Nace su kunna rediyon suji Sudan. Da rana kuwa tashar nesa bata kamuwa, sai shuuu. Suka kara min da mari, suka kwace rediyon.

Malam dan Allah ka gayamusu sai rana ta fadi yake kamo Sudan, su bani rediyona. Hakorin na yafe.