Dalilin da Ya Sa Jirgin Marasa Lafiya Ba Zai Tashi Ba Tukuna

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, matuƙa da makanikai abokan aikina, iyayena da 'yan'uwana da kuka cika wannan rumfar jirgi, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba ni dama, ni da nake babban injiniyan wannan ƙungiya, in yi bayani da bakina, domin na ji ana cewa na ɗaure jirgin da ke ɗauko marasa lafiya ba gaira ba dalili.

Da farko, ga abin da ya faru. A makon jiya matuƙinmu ya ɗauko wani manomi da injin casa ya kama wa hannu. Suna sama, injin hagu ya fara wasa: gudunsa ya hau, ya sauka, ya sake hawa, ba wanda ya taɓa shi. Ƙarar injinan biyu ta rabu, hancin jirgin ya riƙa karkata. Ma'aikaciyar jinya tana riƙe da ledar ƙarin ruwa ta tambayi matuƙin ko lafiya. Ya ce mata, "Riƙe shi da kyau, Sista, ki bar ni da wannan." Allah Ya sauke su lafiya, amma da na buɗe ƙofa na tarar da rigarsa sharkaf da gumi.

Na biyu, ga abin da muka yi. Mun tayar da injin a ƙasa, ya yi ta aiki lafiya lau kamar yana mana dariya. Mun zargi agogon da ke nuna gudun inji, amma agogo ba ya karkatar da jirgi. Mun cire filogai, mun duba matatar mai, mun tsiyayi man ko akwai ruwa, mun bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba mu ga komai ba. Sai muka koma kan na'urar da ke daidaita gudun farfela, wadda muke kira gwamna. Muka musanya ta hagu da ta dama, muka tashi ni da matuƙi kaɗai. Mun daɗe muna zagaye shiru, har na fara shakkar kaina. Da mai ya yi zafi sosai, sai injin dama ya fara wasan. Cutar ta bi gwamna.

Na uku, ga inda muke. Sabuwar gwamnar tana hanya, ba ta iso ba. Wasu sun ce mini ai inji biyu ne, in ɗaya ya gaza ɗaya zai kai. Jama'a, inji na biyu don abin da ba mu sani ba aka sa shi, ba don abin da muka gani da idonmu muka kau da kai ba. In ya yi wasan nan lokacin tashi, jirgi cike, ƙasa kusa, babu matuƙin da zai sami sararin gyarawa.

Na san akwai masu jira, na san hanyar mota doguwa ce, na kuma san wahalarta. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ta goye ni, tana kwance a ƙaramin asibitin bayan kogi. Jiya ta kira ni ta ce, "Ɗana, yaushe jirginku zai zo?" Na ce mata, "Inna, mota zan turo." Sai ta kashe wayar. Yanzu haka tana kan hanya, ban san yadda za ta iso ba.

Don haka ina roƙonku, ku ba da motoci, ku ba da direbobi, ku ƙara haƙuri. Ba zan sa hannu jirgin nan ya tashi ba sai na gwada sabuwar na'urar a sama da kaina.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare waɗanda ke kan hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.