Ƙarfe Mai Curin Siminti

A tashar Gumel, wani saurayi mai faɗin ƙirji ya dubi mutumin da ke riƙe da sabon keken guragu.

"Malam, na wa ne?"

"Na ƙanena ne. Ƙarfen motsa jiki ya ɗaga, mai curin siminti. Maimakon ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, sai ya duƙa kamar mai noma. Muka ji ƙas!"

"Subhanallahi! Ai kowa haka yake ɗagawa. Nan take ya faɗi?"

"Ina! Kwana uku yana yawonsa, sai dai ƙafar hagu tana masa kamar tafiyar kiyashi."

Saurayin ya shiga murza cinyarsa.

"Malam, idan ta dama ce fa?"