Katangata Ce Ta Tare Motar Kashe Gobara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Lawal, gidana yana can bayan Daudawa, cikin gonaki.

Lokacin da nake zagaye gidan da katanga, maƙwabcina Baba Isiyaku ya ce mani, "Malam Lawal, ja katangar nan baya, ka bar hanyar mota. Ka ga ba mu da famfo, rijiya ma da nisa." Na yi dariya, na ce wace mota za ta zo mana nan?

Bayan girbi, da rana tsaka, wuta ta tashi a gidansa. Motar kashe gobara ta iso da ruwa cike, amma katangata ta hana ta shiga, tiyo kuma bai kai ba. Muna kallo rumbunansa biyu suka ƙone ƙurmus.

Washegari na rushe katangar. Baba bai taɓa yi mani gori ba, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Na kai mashi masara, ya ce in ajiye wa 'ya'yana.

Jama'a, ku ba ni shawara. Baba, in kana saurare, ka yafe mani.