Maganin da Aka Tafasa

Ɗantala: Salamu alaikum, Yaya Rabi'a. Ina wuni?

Rabi'a: Lafiya lau, Ɗantala. Ya hanya? Kun tsallako?

Ɗantala: Muna bakin iyaka, 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, sun tsare mu tun hantsi. Ya yara? Ya mutanen Gangara?

Rabi'a: Kowa lafiya. Ya zafi?

Ɗantala: Zafi yana cikin raina. Wani a gidan nan ya kashe mani magani.

Rabi'a: Mi? Ɗaga murya, iska na cinye maganar.

Ɗantala: Garin maganin da na sawo wa matata Mu'minat a Maraɗi. Cikin ƙanƙara na ɗauko shi, na ce a jiƙa da ruwan randa. Yanzu take ce mani wani ya zuba shi a tukunya, har da kanwa.

Rabi'a: Bar cewa wani, ni ce. Da bakinka ka ce akwai ƙwayoyi masu rai a ciki. In zuba ido matar ƙanena ta haɗiye cuta ɗanya?

Ɗantala: Ba na cuta ba ne, irin na cikin kindirmo ne, masu gyara hanji, ko ƙibar ta ragu. Kin taɓa tafasa kindirmo ki sha?

Rabi'a: Ka karanta bayan kwali biyu ka zama likita. Kuma wace ƙiba? Yarinya ta zo mana kamar sillen kara, muka yi mata jiki. Ta rame, danginta na Riko su ce muna gana mata yunwa?

Ɗantala: Danginta ne za su yi mata aikin tiyatar? Likita ya ce ba zai taɓa kabar cibiyarta ba sai ta sauke kilo goma. Ya ce maganin taimako ne kawai, babban abu a rage tuwo. Jiya aka auna ta, ta ƙara uku.

Rabi'a: Sikelinsu ne ya lalace.

Ɗantala: Alhamis zai sake duba ta. In ya ɗage aikin, hanji ya shaƙe, ke za ki goyo ta zuwa asibiti?

Rabi'a: Ni na goye ka, mara kunya.

Ɗantala: To ki amsa mani. Duk ranar da na tafi Maraɗi, wa ke kai mata fura da man shanu a langa, ya tsaya a kanta sai ta suɗe?

Rabi'a: Ba na jin ka, layin...

Ɗantala: Kina ji na sarai. Rantse ba ke ba ce.

Rabi'a: Kai, tuwonta zai kama. Sai ka zo.

Ɗantala: Tuwon wa? Yaya, ki ce ƙarya nake in kin isa. Halo? Yaya?