Mahaucin da Wake Ya Tayar

Assalamu alaikum, Kamarad mai gabatarwa. Ni mahauci ne a Zongon Kwatano. Bara ƙafafuna suka kumbura, likita ya hana ni nama. Na ce shi ke nan, ƙarfina ya ƙare. Yaya Hajara, wadda nake bi, ta ce, "Kai dai ci abin da na ba ka." Kullum wake, ƙuli-ƙuli, miyar agushi da daddawa, wani lokaci cukun Fulani.

Jiya, Kamarad, ni kaɗai na saɓa cinyar sa daga mota har rumfa, ko haki ban yi ba! Na tsaya ina duban hannuwana, ina ta Subhanallahi. Ashe haka Allah ya ajiye ƙarfi cikin wake?

Ku ba ni shawara: in gaya wa masu sayen namana, ko in ja bakina in yi shiru?