Shafi Mai Tambaya Ɗaya

A ɗakin jira na asibiti, wani dattijo ya leƙa kwamfutar ɗalibar da ke gefensa.

"'Yata, me ya ɓata miki rai haka?"

"Aikin makaranta ne, Baba. An ce kowa ya yi wa mai sana'a shafin intanet. Gobe zan nuna, ina tsoron malam ya kayar da ni. 'Yan ajinmu shafi goma-goma suka yi, ni ɗaya tak."

"Lalaci?"

"A'a. Mai gyaran keken ɗinki na yi wa. Kwana uku na zauna a shagonsa ina saurare, ban zana komai ba. Duk wanda ya shigo, tambayarsa ɗaya: an gama? Shi ne na sa gurbi guda, ka rubuta lambar rasitinka, ya gaya maka."

"Daga gida?"

"Daga kan gadonka ma."

Dattijon ya daɗe yana kallon allon, yana shafa gwiwarsa.

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina ɗinki. Gwiwar nan da na kawo wa likita, rabinta a hanyar shagon mai gyara ya ƙare. Ƙarfe nawa ne goben? Ki ce wa malamin kina da shaida. Zan zo, ko da sanda ne."