Hannun Lado Wanzami da Gilasan Hadari

Da sunan Allah, Mai kora hadari inda ya so.

Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya ja zamaninka. Malam Alƙali, Malam Liman, masu garuruwan Dungas da Guci, wakilin bariki da ke zaune tare da mu, ke Yakura matar marigayi, da kai Gajere ƙaninsa, ina gaishe ku da wannan rana ta arba'in.

Lado ya kasance wanzami ɗan wanzami, wanda askarsa ta bi kan rabin mazan da ke rumfar nan. Ya kasance mai hannun da ba ya rawa, kuma hannun nan ne ya ja masa. Damina uku da suka wuce, jirgin saman Nasara ya sauka Magariya don auna hadari. Kumandan, shugaban bariki, ya ce a kawo mai natsattsen hannu, dogaran bariki suka ɗauko Lado yana tsakiyar aski.

Aikinsa shi ne turara ƙananan gilasai da hayaƙin fitila har su yi baƙi sumul. Baturen jirgin ya sa su a bakin bututun ƙarfe da ke jikin fiffike, ya kutsa cikin hadari. Kowane ɗigon ruwa ya bugi gilas sai ya bar gurbinsa a baƙin, in an sauko a duba da madubi a san girmansa. Iyakar abin ke nan.

Mu kuwa muna gona muna kallo. Hadari ya taso daga gabas, jirgi ya shige shi, hadari ya watse, gero ya ƙone. Muka ce Lado na taya Nasara tatsar girgije. Ni da bakina na tare shi a kasuwar Dungas na ce, "Sarkin aska, tulu nawa ka kai bariki yau?" Ya ce, "Malam, duk abin da suka ɗebo bai isa in jiƙa gemunka ba. Zauna in gyara maka shi." Na yi dariya, ban zauna ba.

Daga nan aka daina kiransa askin suna. Ranar roƙon ruwa, da muka juya riguna muka fita bayan gari, ya shiga sahu, na damansa ya matsa nesa, na hagunsa ya matsa nesa. Ya roƙi Kumandan ya sallame shi, aka ƙi, aka ce in ya gudu ya tsallaka iyaka Gajere zai shiga kaso a madadinsa. Ya dawo ya ci gaba da turara gilas.

Gaba bariki, baya gari ya ja ƙofa,
Ina Lado zai bi, ina zai sa ƙafa?

Bana jirgin bai zo ba, hadari kuma ya watse kamar da. Muka gane ba laifin Lado ba ne, amma kunya ta hana mu sallama a ƙofarsa, har zazzaɓi ya riga mu. Yakura, ke kika san mutum nawa suka zo dubiya. Ba za mu tambaye ki ba. Ki yafe mana.

Jama'a, takarda ta iso: jirgin zai dawo baɗi, kuma ana son wani a gurbin Lado kafin Juma'a. Ba mu da ikon cewa a'a. Ɗayanmu ne zai tafi, yana nan zaune yana jina. Duk wanda aka ɗauka, mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahu.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Lado, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Yakura da Gajere haƙuri. Mu kuma Allah ya ba mu ruwa, ya tsare bakinmu kafin ya sauka. Fatiha.